Ranar Sunan Jaririya Mai Furfura

Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni ban yarda da maganar nan duka ba, domin ina jin daɗin bana daidai gwargwado. Ga famfo a ƙofar gida, ga injin niƙa a bakin titi, ga motar da za ta ɗauke ka daga Minjibir ta sauke ka Kano furar da ka sha ba ta gama faɗawa ba. Ba na kewar guga, ba na kewar ƙaya a tafin ƙafa. Abin da ya tayar mini da tsohon tunani shi ne wani suna da aka yi a maƙwabta kwanakin nan. An kafa rumfar haya, an jera kujerun roba, an ɗauko mai kiɗan na'ura ya toshe mana kunne har la'asar. Da aka watse na tambayi jikata sunan yarinyar. Ta ce an sa mata sunan kakarta, amma ba da shi za a riƙa kiran ta ba, uwar ta zaɓo wani a waya, in kuma bai karɓe ta ba sai a sake. Na ce ikon Allah, yau suna ya zama ɗankwali, a ɗaura wannan a ajiye wancan. Ni kuwa na san wadda ta tsufa har haƙoranta suka zube tana neman guda ɗaya.

A ƙauyenmu babu daji, tun muna yara ma babu. Gona na gogar gona, gida na hangen gida, in ka yi atishawa a tsakar gidanku za a ce maka "yarhamukallahu" daga gidan gaba. Safiya kuwa da sautinta take zuwa. Kafin ka buɗe ido ka ji taɓarya ta fara a gidan liman, ta gidan maƙera ta amsa, 'yan mata su ɗora lugude, jakuna su wuce da mangalar taki suna jan ƙafa, guga na karo da bakin rijiya. Yanzu in na farka babur nake fara ji, sai rediyon maƙwabci. A cikin duk waɗancan sautuka akwai guda ɗaya da yake namu na gida, wato gurzar dutsen niƙa daga ɗan ɗakin da ke jikin rumbu. Nan Iya Safiya take. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai tsage a fuska irin wanda babu mai shi a duk yankinmu, ga wani tabo da ya zagaye idon sawunta kamar mundaye. Mu dai mun tashi mun gan ta a gida kamar yadda muka ga rumbu da tsamiyar ƙofar gida, ba mu taɓa tambayar ta wane ɓangare muka haɗa jini da ita ba. Ita ta goyi kakanmu yana jariri, ta goyi babanmu, mu ma duk mun ɗana bayanta.

Ban taɓa ganin mutum mai ban dariya irinta ba. Tana niƙa tana waƙa, kuma duk wanda ya gifta sai ya samu baiti, har akuya. In ta ga kakanmu ya sha rawani zai tafi kasuwar Ɗanbatta, sai ta ce, "A dai tafi a hankali, ɗan goyona, na san abin da ke ƙarƙashin rawanin nan tun yana tsotsar yatsa." Shi kuwa da duk gari ke shakkar sa, sai ya yi kamar bai ji ba. Iyayenmu mata suna kulle, ita ko tana fita duk inda ta so, ta je gona, ta yi roron gyaɗa, ta dawo mana da ɗinya da kanya a bakin zane. Mu 'yan mata muna ganin ta fi kowa gata. Da na gaya mata haka wata rana sai ta ja mini kunne ta ce, "Ke 'yar nan, wadda aka hana fita da wadda aka hana zama, ki tambayi ƙafa wacce ta fi." Ban gane ba, na ci ɗinyata na yi gaba.

Abu guda da kowa ya san ta da shi shi ne yadda take amsa kira. Kowa in an kira shi "na'am" yake cewa, ita ko da ka ce "Iya Safiya!" sai ka ji "Ina godiya." Ko tana cikin faɗa ne, ko ta ƙone a murhu, ko ka tashe ta daga gyangyaɗi, amsar ke nan. Iyayenmu har misali suke yi mana da ita. In aka ba ka abu ka karɓa ka yi shiru sai a dungure ka, a ce, "Ba ka ganin Iya? Ita ba a ba ta komai ba ma godiya take yi." Haka muka ɗauka ladabi ne ya yi mata yawa, su ma iyayen namu mata haka suka ɗauka, don dukansu auro su aka yi suka tarar da ita.

Abin ya fashe ne wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, da innarmu ta haifi ƙanwata. Gida ya cika da 'yan barka, ga kunun kanwa, ga tukunyar ruwan wankan jego ba ta sauka daga wuta. Babanmu mutum ne mai son ya faranta wa mutane rai ba su shirya ba. Ya shigo tsakar gida da fara'arsa, ya tarar da Iya tana iza wuta, ya durƙusa ya ce, "Iya, albishirinki. Kin yi takwara. Safiya za a sa wa yarinyar." Mata suka ɗauki guɗa, wata har ta fara yi wa Iya tsiya cewa sai ta fito da turmin atamfa. Iya ba ta yi dariya ba. Ta zare itacen da ke hannunta daga wuta, ta ajiye a hankali, ta ce, "Malam ƙarami, kada ka yi wa yarinyar nan haka. Me ta yi maka?" Babanmu ya ce, "Haba Iya, sunan matar Annabi ne fa." Ta ce, "Waccan daban. Tawa safiyar ta gari ce, wadda rana ke fitowa a cikinta. Ba suna ba ne, kira ne."

Babanmu ya tashi ya fita. Ita ko ta shiga ɗakin inna ta zauna a bakin gado, mata suka kewaye ta, ni ina gefe da ƙwaryar gyaɗa ina ɓara, ba wanda ya tuna ya kore ni. Ta ce tana yarinya aka kamo ta daga wani gari na cikin duwatsu, can kudu, ta fita ɗebo ruwa mahaya suka sure ta. Hannu ya yi ta miƙa wa hannu har ta faɗo gidan nan, wurin mahaifin kakanmu. A lokacin, in ji ta, masu bayi sukan raba magana biyu, su riƙe rabi su ba bawa rabi. Ubangida ya kira da nasa rabin, bawa ya cika da nasa. Nata shi ne, ya ce "Kullum safiya," ita ta ce "Ina godiya." Da tafiya ta yi tafiya aka yar da "kullum" ɗin, yara suka ɗora "Iya" a gaba, baƙi suka ɗauka sunan yanka ne. Sunan da uwarta ta raɗa mata kuwa ta riƙe shi shekaru tana faɗa wa kanta a wurin niƙa, har ranar da ta nema ta rasa, shi da yaren duka.

Ta faɗi abubuwa da yawa ran nan, kuma abin mamaki tana faɗa tana sa mutane dariya. Ta ce matan gida suna ɗaki da lalle a ƙafa, su kuyangi suna gonar gandu da fartanya, ba mayafi ba takalmi, su dawo su yi daka, su yi ruwa, su yi itace, "har jakin gidan ya fi mu hutu, don shi in ya ƙi tafiya lallashin sa ake yi." Ta ce ta taɓa gudu sau ɗaya, ba ta san gabas ba ba ta san yamma ba, ta yi ta zagaye har ta faɗo gonar ubangidan nata da kanta. Mata suka tuntsire da dariya, ita ma ta yi. Sannan ta miƙe ƙafa ta nuna tabon nan, ta ce wannan marin ƙarfe ne, da shi ta yi damina guda, ana buɗe mata ƙofa da safe a ce "Kullum safiya" ta ce "Ina godiya." Ta ce akwai kuma abin da ubangida kan yi wa baiwarsa wanda ba a faɗa gaban mai ɓarar gyaɗa, ta harare ni, mata suka sunkuyar da kai. Daga baya aka haɗa ta da wani bawan gidan, ta haifi 'ya mace. Yarinyar ta fara iya ɗaukar tulu ke nan aka tashi aurar da 'yar maigida wajen Watari, aka jera kayan ɗaki, ƙore da tasoshi da tabarmi, aka ga amarya ba ta da 'yar aike, sai aka haɗa da yarinyar. "Ina tsaye a bakin rijiya aka ɗora ta a jaki tana kira na. Da maigida ya ga ina neman bin su sai ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, kullum safiya. Wallahi na amsa masa."

Nan dariya ta ɗauke. Innarmu, da ɗanyen jego, ta rungume jaririyarta tana kuka har da shessheƙa. Ni ma na yi kuka, kuma har yau in na tuna maganar nan sai na ji zuciyata ta yi nauyi, don jinin mutumin nan ne a jikina. Wata ta tambaye ta me ya hana ta tafiya da Nasara, wato Turawa, suka zo aka ce babu sauran bauta, tunda da yawa sun watse. Ta ce, "In tafi ina? Kuma in yarinyar ta dawo nema na, a nan ta bar ni." Yarinyar kuwa ba ta dawo ba, don mutanen sun yi ƙaura, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai ta share fuska ta faɗi abin da ke cin ta. Ta ce shi Nasara ba shi ya saye ta ba, balle ya 'yanta ta. A al'ada in za a 'yanta baiwa sai mai ita ya furta gaban shaidu, a yanka mata rago, a raɗa mata suna kamar kowane ɗa. Ita ubangidanta ya mutu bai furta ba, magada suka yi shiru, ita ma ta yi shiru. "Ga shi na zo bakin rami. In aka tashe mu gobe ƙiyama aka kira kowa da sunansa, ni da me za a kira ni? In aka ce kullum safiya, na san bakin nan, sai ya amsa."

Babanmu da ya ji, ya tafi wurin liman. Liman ya ce Allah ya san bayinsa ko ba suna, amma abin da take nema hakkinta ne, kuma abu ne mai sauƙi: babban magaji ya furta, a haɗa ragonta da na jaririya ranar suna. To, babban magaji shi ne kakanmu, shi kuwa ya ce sam. Ba rowa ba ce, tumaki cike da garke. Cewa ya yi wannan tonon silili ne, za a tara gari a shaida musu cewa ubansa ya mutu da hakkin mace a wuyansa, ga shi kuma shi bai taɓa kallon ta a matsayin baiwa ba, ta yaya zai tashi da furfurarsa ya ce ya 'yanta wadda ta goye shi? Kwanakin suna suna ta matsowa, babanmu ya aika aminan tsohon su roƙe shi, suka dawo da goronsu. Iya ta daina waƙa a wurin niƙa, gidan ya yi wani iri.

Ana jibi suna, da hantsi, kakanmu yana zaune a gindin tsamiya ana auna masa gyaɗa, mu jikoki muna ta tsalle a kan tarin harawa, sai ga Iya ta fito da sandarta. Ta zauna a ƙasa gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce, "Subhanallahi, Iya, tashi ki hau tabarma. Wa ya taɓa ce miki baiwa a gidan nan? Ke uwa ce." Ta ce, "Na ji, ɗan goyona. To kira ni." Ya ce, "Iya." Ta ce, "A'a. Cikakke, yadda babanka yake yi. Ai kana bayana a goye yake yi, ka ji shi ya fi a ƙirga. Ga jikokinka nan, ga masu awo, kira ni su ji." Kakanmu ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi masu awo, suka dubi mudu. Ya ce, "Ba zan iya ba." Ta ce, "To kai da kake ɗan'adam ka ji kunyar faɗa, shi ne kake so in tafi da shi mala'iku su faɗa?" Tsohon nan ya sunkuyar da kai. Can ya cire hularsa ya goge ido da ita, ya ce wa babanmu a je garke a kamo babban ragon, mai ƙahon nan. Iya ta ce, "Yawwa. Kuma a duba mini mai ƙiba, kada a haɗa ni da ramamme don an ga ba ni da dangi."

Saura zaɓen suna. Liman ya shigo har tsakar gida, ya ce shi a ganinsa Hajara ya dace, tunda ita ma baiwa ce Allah ya ɗaukaka ta. Iya ta ce, "Allah ya ƙara mata ɗaukaka, Liman, amma a nemo mini wata. Na gaji da layin nan." Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Aka yi ta jero sunaye tana girgiza kai kamar mai zaɓen zane a kasuwa, har aka zo kan Hauwa'u. Nan ta tsayar da shi ta ce, "Wannan ita ce ba ta san uwa ba, ba ta san dangi ba, ko?" Liman ya ce ita ce. Ta ce, "Kuma ba wanda ya taɓa sayen ta?" Ya ce wa zai saya, ai babu kasuwa a lokacin. Ta ce to ita take so. Babanmu ya ce jaririya ma shi za a sa mata, takwarar da ya yi alkawari tana nan.

Na ga bukukuwa a rayuwata, amma ban ga sunan da ya tara mutane irin wannan ba, kuma babu rumfar haya babu na'ura. Labari ya zaga ƙauyuka cewa za a yi sunan jaririya mai furfura, mutane suka yi ta ɓullowa ta cikin gonaki. Da sassafe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro. Kakanmu ya miƙe tsaye, ya ce jama'a su shaida, matar da ke gidansa wadda mahaifinsa ya mallaka, ya 'yanta ta don Allah, ɗiya ce kamar kowa, kuma yana roƙon ta ta yafe wa wanda ke ƙasa. Aka aika ciki a ji ta bakinta. Ta ce a gaya masa ta karɓi 'yancin, maganar yafiya kuwa tana dubawa, ba a yi mata gaggawa. Liman ya yi addu'a, aka kayar da raguna biyu, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Hauwa'u da Hauwa'u, Allah ya raya su. Da "Allah ya raya" ta iso cikin gida mata suka kwashe da dariya da guɗa a haɗe.

Daga nan sai shagali. Aka zaunar da ita a sabuwar tabarma kusa da innarmu, aka yafa mata mayafi mai ruwan bula, na farko da ta taɓa mallaka. Wanzami ya zo askin suna, ya gama da ƙanwata, ya juyo da aska yana tambaya ina ɗayar. Iya ta zame ɗankwali ta ce in ya samu abin askewa ya ɗauka duka nasa ne. Mata suka yi ta zuwa barka suna leƙa bakinta, suna cewa lallai jaririya ce, ko haƙori ɗaya babu. Ita kuma ta kafe cewa ita ce babba don ragonta aka fara kayarwa, saboda haka ta riga 'yar uwarta shan kunu. Masu kiɗan ƙwarya suka kafa, ta tashi da sandarta ta taka, kakanmu yana leƙe ta zaure yana cewa a zaunar da ita kada ta karye. Tsofaffi biyu daga wani ƙauye, su ma masu baƙon tsage a fuska, suka zo suka zauna kusa da ita, suka riƙe hannunta har aka yi la'asar.

Washegari da safe, taɓare sun fara tashi a maƙwabta, kakanmu ya shigo cikin gida da kansa, ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin jikin rumbu. Duk muka bar abin da muke yi. Ya gyara murya ya ce, "Hauwa'u." Muka ji daga ciki an fara, "Ina go..." sai kuma shiru. Ta fito da tafin hannu a kan baki, idanunta sun cika da hawaye, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ce, "Ka ga shegen bakin nan ko? Sake, ɗan goyona." Ya sake kira, a hankali. Ta sauke hannu, ta miƙe iya miƙewar da bayanta zai yarda, ta ce "Na'am!" da ƙarfin da ya sa kaji suka watse daga gindin turmi.

Kakanmu ya durƙusa da tsufansa, ya ce, "Ina kwana, Hauwa'u? An tashi lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Kwanana ɗaya a duniya, kuma na ji daɗinsa."